Kafin Ka Sayi Tsohon Gida Don Gyarawa: Fenti Ne Abu Na Ƙarshe

Idan kana yawan leƙa TikTok ko Instagram, da wuya a ce ba ka taɓa cin karo da irin bidiyon nan ba. A nuna maka kango, rufi ya rufta, ciyawa ta cika tsakar gida, sai a saka kiɗa, kafin daƙiƙa talatin gida ya koma kamar otal. A ƙasa kuma a rubuta cewa da ɗan kuɗi kaɗan aka saye shi. Ka duba wajen sharhi, wannan ya ce "Allah Ya ba mu", wancan ya kira abokinsa ya ce "mutumina, ga harka."

Ba laifi ba ne ka yi sha'awa, kuma ba duka ne ƙarya ba. A shekarar 2019, garin Sambuca da ke tsibirin Sisili a Italiya ya sa wasu tsofaffin gidaje a gwanjo, farashin farko yuro ɗaya tak. Sai dai akwai sharaɗin da bidiyo ba ya faɗa: mai saye zai ajiye yuro 5,000 a matsayin jingina, kuma dole ya gama gyara cikin shekara uku. A Japan ma, ƙidayar da gwamnati ta yi a 2023 ta nuna akwai gidaje kimanin miliyan tara da ba kowa a ciki.

Amma ka lura da dalilin arahar can. Matasa sun bar ƙauyuka, tsofaffi suna mutuwa, gidaje sun fi masu shiga yawa. Mu nan akasin haka ne. A Kano kullum mutane ƙaruwa suke yi, ɗaki ɗaya ma rububinsa ake yi. To idan ka ga gida a cikin gari yana araha, ka tabbata akwai dalili, banza ba ta kai zomo kasuwa. Aikinka shi ne ka gano dalilin kafin ka biya. Wani dalilin kuɗi da haƙuri suna gyara shi. Wani kuwa ko nawa ka zuba ba ya gyaruwa.

Me ya sa ma za ka kalli tsohon gida?

Saboda lissafin yana iya fita. Filin da ƙaramin ma'aikaci ko ɗan kasuwa mai tasowa zai iya saya yanzu, galibi sai can gefen gari, wajajen Ungogo, Kumbotso, Gezawa ko Dawakin Kudu. Ka sayi fili, ka yi katanga, ka haƙa rijiya, ka jira a kawo wuta, sannan ka riƙa kashe kuɗin mota kullum zuwa wurin nema. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, wannan kuɗin motar ya daina zama abin wasa. A farkon 2024 buhun siminti ya haura naira dubu goma a wurare da yawa, alhali mafi ƙarancin albashin da aka amince da shi a watan Yulin shekarar naira 70,000 ne. Kai ma yi lissafin buhu nawa wannan zai saya.

Tsohon gida a Fagge, Gwammaja, Kurna, Dakata ko cikin badala, ko da ya ji jiki, yana zuwa da abubuwan da fili ba shi da su: hanya, maƙwabta, masallaci, makaranta, kasuwa a kusa, wani lokaci har da rijiya da mita. Kana iya gyara ɗaki ɗaya da banɗaki ka tare, ka daina biyan haya, sauran ka bi su a hankali. Idan gidan yana bakin hanya, ɗakin waje yana iya zama shago. Ke ma da kike sayar da kaya ta WhatsApp kina adashe, maganar nan har da ke, mallakar gida ba ta maza kaɗai ba ce.

Ina ake samun irin wannan gida?

Ba a intanet ba, galibi. Labarin tsohon gida a bakin mutane yake yawo: dillalan unguwa, mai unguwa, dattawan majalisa, magina da masu sayar da kayan gini. Zaɓi unguwa biyu ko uku da ka sani, ka sanar da mutanen da ka yarda da su cewa kana nema, ka faɗi iya ƙarfinka.

Dillali yana da amfani, amma ka san yadda harkar take. Sau da yawa tsakaninka da mai gida akwai dillalai uku ko huɗu, kowa ya ɗora nasa a kan farashi. Saboda haka tun farko ka yi maganar la'ada, nawa ce, wa zai biya, sannan ka ce sai ka zauna da mai gidan ido da ido. Wanda ya tura maka hoto a waya ya ce ka turo kafin alƙalami "don a riƙe maka", ka ba shi haƙuri. Ba a cinikin biri a sama.

Tambaya ta farko: wa ke da ikon sayarwa?

Mafi yawan tsofaffin gidajen da ake sayarwa a garuruwanmu na gado ne, kuma a nan ne aka fi kwana ciki. Ɗauki misali. Mutum ya rasu ya bar mata ɗaya, 'ya'ya maza uku da mata huɗu, iyayensa kuma sun riga shi rasuwa. Bayan an biya bashi an fitar da wasiyya, matar tana da tumuni, wato ɗaya bisa takwas. Sauran a kasa shi goma, kowane namiji ya ɗauki biyu, kowace mace ɗaya. Ka ga babban yayan nan da ke riƙe da mukulli, yana zagayawa da kai yana cewa "gidanmu ne, ni ne babba", rabonsa bai kai kashi ɗaya cikin biyar na gidan ba. Ba shi da ikon sayar da na ƙannensa sai da yardarsu.

Idan ka biya shi shi kaɗai, wata rana ƙanwarsa da ke aure a Kaduna ko Damagaram za ta zo ta ce ba da saninta ba. Kuma tana da gaskiya. A lokacin ka riga ka yi rufi, ka saka tayil, kuɗin kuma an cinye.

Don haka ka nemi sanin magada nawa ne, ka ji daga bakin maƙwabta da mai unguwa, ba daga mai sayarwa kaɗai ba. Ka tambaya ko an raba gadon, idan a kotu aka raba, a nuna maka takardar. Kowane magaji ya sa hannu, ko ya wakilta wani a rubuce gaban shaidu. Idan akwai marayu ƙanana, kada ka yarda da "ai ni ne kawunsu", a bi ta kotun shari'ar Musulunci, domin dukiyar maraya ba abin wasa ba ce, ko a duniya ko a lahira.

Akwai kuma abin da malaman fiƙihu ke kira shufa'a. A mazhabar Malikiyya, idan mutane sun yi tarayya a gida ba a raba ba, ɗaya ya sayar da kasonsa ga bare, abokin tarayyar yana da haƙƙin ya biya kuɗin da aka saya ya karɓe kason. Wato idan aka ce maka "ɓangarena kawai zan sayar maka", alhali ba a shata iyaka ba, kana iya saye yau a karɓe gobe, kuma bisa shari'a. Sannan ka tabbatar gidan ba wakafi ba ne, don abin da aka ba masallaci ko makaranta ba na wani ba ne balle ya sayar maka.

Tambaya ta biyu: me takarda ta ce?

Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna. Abin da kai kake samu shi ne haƙƙin zama da amfani, wanda takardar shaidar mallaka, wadda aka fi sani da C of O, take tabbatarwa, yawanci na shekara 99. Dokar ta kuma ce idan za a mayar da irin wannan haƙƙi ga wani, sai da amincewar gwamna. Saboda haka karɓar satifiket mai sunan wani ka ajiye a ƙasan akwati bai gama magana ba, sai ka bi matakan da za su mayar da shi sunanka.

Idan gidan yana da satifiket, ka ɗauki lambarsa ka je a bincika. A Kano akwai KANGIS da ma'aikatar ƙasa, a Kaduna KADGIS, a Abuja AGIS. A can ne za ka san ko sunan da ke takarda shi ne na cikin fayil, ko ana bin kuɗin ƙasa na shekaru, ko an jinginar da gidan a banki. Ka dage sai ka ga takardar asali da idonka. Idan kullum hotonta ake nuna maka, ana cewa ta asalin "tana wajen wani Alhaji", to wataƙila Alhajin bashi yake bi.

Gidaje da yawa a cikin gari ba su taɓa samun satifiket ba, sai takardar ciniki mai sa hannun mai unguwa, dagaci ko hakimi. Wannan kaɗai ba ya nufin akwai cuta, haka aka gada. Amma nauyinta bai kai na satifiket ba, don haka binciken baki ya zama ninki biyu: wa ya gina, wa ya gada, wa ya saya daga wa. Bayan ciniki kuma ka fara neman taka takardar daga gwamnati.

Kada ka manta da hukumar tsara birane, KNUPDA a Kano, KASUPDA a Kaduna. Tambayi ko gidan ya shiga hanyar da za a faɗaɗa, ko ya hau magudanar ruwa, ko yana jikin badala, ko yana ƙarƙashin babbar wayar lantarki. Duk wanda ya ga rusau ɗin da aka yi a Kano a watan Yunin 2023, a wurare irin su Filin Idi da tsohon otal ɗin Daula, ya san cewa tsayuwar gini ba ita ce tabbacin zamansa ba. Kuɗin da za ka ba lauya ya duba takardu ya rubuta yarjejeniya, kada ka ga yawansa. Shi ne mafi arha a cikin duk kuɗin da za ka kashe.

Tambaya ta uku: ina ruwa yake bi?

Ga shawarar da ba ta cin ko sisi: je ka ga gidan a watan Agusta, washegarin ruwa mai ƙarfi. Gidan da ya yi kyau a watan Janairu yana iya zama tafki da damina.

Tsohon birnin Kano cike yake da kududdufai, ramukan da aka haƙa aka ɗebi ƙasar gini. Su ne suke shanye ruwan unguwa. Da yawansu an cike su da shara da ƙasa an yi gini a kai. Ruwa kuwa bai san an sayar da wurin ba, inda ya saba nan zai nufa. Gidan da ke kan tsohon kududdufi, ƙasansa ba ta gama zama ba, za ka yi ta liƙe tsaga tana dawowa.

Ko da rani ne, gida yana tona asirin kansa. Dubi gindin bango: idan akwai layin danshi, ko farin gishiri-gishiri yana fitowa, ko fulasta tana bubbuɗewa, ruwa yana hawa daga ƙasa. Dubi ƙofar gida: idan sai ka sauka kafin ka shiga, wato hanya ta fi tsakar gida tudu, to ruwan layi baƙonka ne duk shekara. Idan ka ga an yi ɗan gini a bakin ƙofofin maƙwabta don tare ruwa, ka sami amsa. Sabon fenti a rabin bango kawai, daga ƙasa zuwa gwiwa, shi ma abin tambaya ne.

Sannan ka tambayi wanda ba shi da la'ada a cinikin: mai shayin bakin layi, tsohuwar da ke maƙwabtaka, yaran unguwa. Ka ce, "Baba, da damina yaya layin nan yake?" Za ka ji abin da dillali ba zai faɗa ba. Ka duba kuma tazarar da ke tsakanin rijiya da masai, naka da na maƙwabta, domin idan sun yi kusa, ruwan da za ka sha ne zai gurɓata.

Tambaya ta huɗu: ƙashin gidan yana da lafiya?

Kada ka je kai kaɗai. Ɗauki gogaggen magini, idan da hali injiniya, ka biya shi kuɗin yininsa. Ba abokinka da ya iya ɗaukar bidiyo ba.

Abu na farko, ku gano da me aka gina shi. Gidaje da yawa da ake kira "ginin siminti" na ƙasa ne aka yi wa fulasta. Ƙwanƙwasa bango, idan ka ji yana amsawa kamar ganga, fulastar ta rabu da jikinsa. Siminti a kan ginin ƙasa yana riƙe danshi a ciki, bango yana narkewa a ɓoye, waje kuma yana sheƙi. Irin wannan ne kan faɗo wa mutane cikin dare da damina.

Wannan ba ya nufin ginin ƙasa abin gudu ne. Tubali da azara, idan an kula da su, suna daɗewa. Masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina tun ƙarni na 19, da Gidan Makama a Kano, shaida ne. Soron ƙasa ya fi ɗakin kwano sanyi da bazara, azarar giginya kuma gara ba ta cin ta da sauƙi. Abin da ginin ƙasa yake buƙata shi ne yaɓe a kan kari, da indararo mai jefa ruwa nesa da gindin bango. Idan ka samu zaure mai lafiya, yi tunani kafin ka rushe shi don kawai ka ga wani salo a waya. Sai dai ka sani magina masu wannan aikin sun yi ƙaranci, ka nemo naka kafin ka saya.

Tsaga iri-iri ce. Siririya kamar gashi a jikin fulasta ba ta cika zama matsala ba. Amma wadda ta taso a karkace daga kusurwar taga ko ƙofa, har yatsa yana shiga, tana nuna tushe yana motsi. Ku hau sama ku duba katakon rufi, ku soka shi da ƙusa, idan ya burme gara ta gama da shi. Tsofaffin gidajen ma'aikata kuma wasunsu suna da rufi ko silin na asbestos, wanda ƙurarsa ke illata huhu, ba a farfasa shi da guduma kamar bulo. Tsohon wayarin ma a lissafa shi cikin abin da za a sake, gobara ba ta sallama. Ku duba ko akwai bashin wuta da na ruwa a kan gidan, a warware kafin a biya.

Akwai abubuwa biyu da 'yan cikin gari suka sani, baƙo ba ya lura. Na ɗaya, bango ɗaya kan raba gida biyu, idan ka rushe naka ka buɗe ɗakin maƙwabci, saboda haka a san na wane ne kafin a taɓa. Na biyu, faɗin lungu. Idan tifa ba ta shiga, kowane yashi da bulo sai an sauke a bakin titi an ɗebo a baro, kuma duk sawu kuɗi ne. Sannan don Allah, kada ka ɗora bene a kan tushen da ba don bene aka yi shi ba, sai injiniya ya duba ya amince. Rayukan mutane ne a ciki.

Yanzu sai lissafi

Farashin gida ba shi ne kuɗin gida ba. Haɗa kuɗin saye, la'ada, lauya, takardu, da abin da magini ya ƙiyasta na gyara, sannan ka ware wani abu a gefe, domin tsohon gida sai an buɗe shi ake sanin ciwonsa, farashin kaya kuma ba ya jiran kowa. Kwatanta jimillar da kuɗin gida mai lafiya a wannan unguwar. Idan sun yi kusa, ba ka samu araha ba, wahala ka saya. Wanda ya sayi rariya dai ya san za ta zubar da ruwa, abin da ake so shi ne ka san yawan ruwan tun kafin ka biya.

Wajen gyara, bi tsari. Rufi tukuna, sai hanyar ruwa, sai bangon da ya raunana, sai banɗaki da ruwan sha, sai wayarin, sai ƙofa da taga. Fulasta, tayil, silin mai ado da fenti su ne na ƙarshe. Masu fara wa daga ado, damina ɗaya take mayar da su baya. Sayi kayan aiki da kanka idan za ka iya, ka biya ma'aikata mataki-mataki, kada ka ba da kuɗin aiki duka a rana ɗaya.

Ta ina kuɗin zai fito? Adashe da tari a hankali sun gina gidaje da yawa a ƙasar nan. Ma'aikacin da ake cire wa kashi 2.5 cikin ɗari na albashi zuwa Asusun Gidaje na Ƙasa yana da damar neman rance ta Bankin Bayar da Lamunin Gidaje na Tarayya, har da na gyaran gida, sai dai da kuɗin ruwa a ciki. Mai gudun ruwa yana iya tambayar bankunan da ba sa mu'amala da shi, irin su Jaiz da TAJ, ya ji sharuɗɗansu. Manhajojin bashi na waya kuwa, masu wa'adin mako biyu ko wata ɗaya, ba a gyaran gida da su. Idan kuma haɗa kuɗi za ku yi da aboki ko ɗan'uwa, ku rubuta kason kowa da abin da za a yi idan ɗaya yana son fita. Rubutu ba rashin yarda ba ne, shi yake tsare zumunci.

Ranar biya, a biya ta banki, cikin asusun mai gida ko wanda magada suka amince da shi a rubuce, ba na dillali ba. A yi gaban shaidu da mai unguwa, a nuna iyakoki huɗu maƙwabta suna tsaye. Idan akwai 'yan haya a ciki, a san ranar tashinsu da wanda zai mayar musu da ragowar kuɗinsu, kafin ka saki naka duka.

Wataƙila ka ce, "ni da ko kuɗin data sai na yi dabara, ina ni ina sayen gida?" Gaskiya ne, yawancinmu ba yau ba. Amma sanin ba ya jiran kuɗi. Wataƙila a danginku akwai gidan kaka da ke lalacewa saboda an kasa zama a raba gado, kai ne za ka iya tayar da maganar cikin ladabi kafin damina ta raba muku. Wataƙila yayanka ne yake shirin saye, tambaya ɗaya daga bakinka ta cece shi daga shari'ar shekaru.

Idan kuma ranar taka ta zo, ka riƙe wannan: babban makamin mai saye shi ne iya haƙura ya tafi. Duk sa'ad da dillali ya ce maka "akwai wani Alhaji da zai biya gobe da safe, ka yi sauri", alhali ba ka ga magada ba, ba ka ga takarda ba, ba ka ga gidan da damina ba, ka ce masa Allah Ya sanya wa Alhaji alheri. Tsofaffin gidaje ba su ƙare ba, kuɗin da ka yi shekaru kana tarawa kuwa sau ɗaya ake kashe su.